Sauro a Makirfo na Biyu

A gidan rediyon ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Kunne ake ce masa, sababbin ma'aikata kuma su ce Baba Kunne. Sunan ya kama shi ne tun shekararsa ta biyu a wurin, ranar da ya tsayar da ɗaukar wani shiri ya ce akwai gurnani a cikin faifan. Mutum shida suka saurara, ba wanda ya ji komai. Ya tashi ya bi waya, ya bi bango, sai ga shi a ofishin da ke jikin sutudiyo, inda wani ya jona ƙaramin firji a layin wuta ɗaya da teburin sauti. Aka zare firjin, gurnanin ya ɗauke, sai a lokacin kowa ya ce lallai da akwai shi.

Shekara ashirin da bakwai ya yi a gaban wannan tebur. Aikinsa shi ne duk muryar da ta shiga makirfo ta fita tsaf, ba ƙari ba ragi. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsu ɗaya, wadda yake kira Auta ko da yake ba ta da yaya ba ta da ƙani, tana aure a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Shi kaɗai yake kwana, shi kaɗai yake tashi ya dafa shayinsa, ya wanke kofi ɗaya ya kife.

Ana buɗe tasha ƙarfe shida na safe. Kunne kan iso biyar da rabi, ya kunna fitilu, ya yaye yadin da yake rufe tebur da shi, sannan ya ɗauki wata baƙar wayar tarho marar lambobi da ke maƙale a bango. Mutum ɗaya tak wayar ke kira. Can bayan gari, tafiyar kusan awa guda, akwai wani tudu da aka kafa dogon ƙarfen eriya a kansa. A gindin ƙarfen akwai ɗakuna biyu, ɗaya na tiransimita, injin da ke watsa shirye-shirye, ɗaya na janareta. Mutumin da ke kula da su shi ake kira Na-Tudu.

"Na-Tudu, kai ne, ko gawarka ce ta ɗauka?"

"Gawar ce. Turo ɗari mu gani."

Sauti dai kaɗawar iska ce, haka Kunne ke gaya wa duk wanda ya tsaya ya tambaye shi. In iska ta kaɗa sau ɗari a daƙiƙa guda, kunne zai ji gurnani mai kauri, irin na babbar mota da aka bari a kunne. In ta kaɗa sau dubu, a ji wata busa madaidaiciya. In ta kai dubu goma, ta zama siririya kamar kukan sauro. Kunnen yaro lafiyayye yakan kama daga ashirin har kusan dubu ashirin, kuma duk maganar ɗan Adam da kiɗansa a wannan tsakanin suke. Sai dai wannan kaɗawa ba ta da ƙafar tafiya nesa. Ko an mai da ita lantarki, ba ta iya tashi daga eriya ta kai gari. Shi ya sa ake ɗora ta a kan wata igiya mai kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa, wadda kunne ba ya ji sam, ita ta yi dakonta har cikin akwatin rediyon mai sauraro, can a sauke kaya a sallami 'yar dako. Kayan na Kunne ne, dakon na Na-Tudu.

Don haka kullum kafin a buɗe tasha sai Kunne ya murɗa wani maɓalli ya tura sautin gwaji har uku, na ƙasa, na tsakiya da na sama, don su tabbata hanya ba ta cinye ko ɗaya ba. Na-Tudu ya dubi allurar ma'aunin sautinsa, ya saurara, ya amsa.

"Ɗari ya iso. Dubu ya iso, allura na kan ja. Dubu goma ya iso, kashe shi kafin ya huda min kai."

Gwajin ba ya wuce minti biyar. Sauran lokacin nasu ne. Na-Tudu ya ba da labarin tumatirin da ya shuka a bayan ɗakin janareta da yadda ƙadangaru suka raina shi, ko rigimarsa da matarsa a kan ya ƙi sayen sabon gilashin ido. Kunne ya kawo masa gulmar ofis. Shekara goma sha tara suna haka, amma in an ƙirga haɗuwarsu ido da ido ba ta fi biyar ba, biyu daga ciki ma a wajen ta'aziyya. Bayan rasuwar matar Kunne, akwai ranakun da in ka cire gaisuwar maigadi, wannan hirar ce kaɗai maganar da yake yi da wani a kan abin da ba aiki ba.

Wata safiya ya tura ɗari, ya tura dubu, ya murɗa zuwa dubu goma, sai ya ji shiru. Ya ɗauka na'urar ce ta mutu. Ya buɗe baki zai ce a dakata, idonsa ya kai kan allura. Tana tsaye ƙyam inda ta saba tsayawa.

"Ya iso," in ji Na-Tudu. "Me kake jira? Kashe mana."

Kunne ya kashe. Ya gyara zaman hedfon, abin sauraron da ke rufe kunnuwansa, ya sake kunnawa shi kaɗai, ya ƙara ƙarfi har allura ta bugi ƙarshe. Ba komai. Ya sauko dubu tara, ya ji wani abu can nesa kamar a ɗakin maƙwabta. A dubu takwas ya same shi sosai. Ya daɗe hannunsa na kan maɓallin. Da Mai Labarai, matar da ke karanta labaran safe, ta shigo da takardunta ta ce, "Kunne, lafiya kake kallon tebur kamar ya zage ka?" sai ya ce mura ce ke son kama shi.

Bai gaya wa kowa ba. Bayan shekara guda dubu takwas ɗin ma ya tafi. Ya koma dogaro da allura, da kuma hannunsa da ya san inda kowane maɓalli ke zama ga kowace murya. Amma akwai abin da allura ba ta nunawa. Wani lokaci waya kan saki, ko wata na'ura ta kusanci makirfo, sai siririn fito ya shiga cikin shiri. Ƙarfinsa kaɗan ne, ba ya motsa allura, amma a kunnen mai sauraro kamar tsinke yake.

Ranar farko da hakan ta faru, baƙar wayar ta yi ƙara ana tsakiyar shiri.

"Mutumina," in ji Na-Tudu, "akwai sauro a makirfo na biyu."

"Na ji shi, yanzu nake nemansa."

"Na san ka ji. Na dai ce in tuna maka."

Kunne ya rage na saman makirfo na biyu da rariyar da ke kan tebur, wadda ke tace kaɗawar da ba a so, ya aika aka canja wayar. Ba su sake tayar da maganar ba, ranar ko bayanta. Amma daga nan Na-Tudu ya riƙa barin rediyon gwajinsa a kunne tun safe har Kunne ya tashi aiki, kuma duk wata ko wata biyu sai wayar ta yi ƙara. Sauro a na ɗaya. Sauro a faifan kiɗa. Kullum Kunne ya ce ya ji, kullum Na-Tudu ya ce ya sani. Shekara uku aka yi haka.

A waje ne abin ya fi cin sa. Muryoyi ba su ragu ba, yana jin su da ƙarfinsu, amma bakin kalmomi ya guntule. Ya fi kowa sanin dalili: kaurin murya a ƙasa yake, amma ƙananan sautukan da ke raba kalma da kalma a sama suke zaune. Sai ya ji an ce "aya", ya rasa ko tsaya aka ce, ko saya, ko kaya. A ɗakin cin abinci na ma'aikata, inda cokula ke ƙara mutum goma na magana lokaci guda, ya koyi yin dariya in ya ga an yi. Wata rana ya yi dariya, ashe labarin rashin lafiyar uwar wani ake bayarwa, wanda ya fara murmushin kuma wani abu yake kallo a wayarsa. Tun daga ranar ya koma cin burodinsa a sutudiyo, ƙofa a rufe.

Auta kan kira shi ranar Lahadi. Ita yana kama rabin maganarta, ya cike sauran da sanin hali. Amma in ta ce, "Baba, ga kishiyar Mama tana son gaishe ka," ta miƙa wa 'yarta mai shekara biyar, shi ke nan. Muryar yarinyar siririya ce, ga sauri. Sai ya yi ta cewa, "To, to, madalla. Iye? Kai, madalla." Rannan sai ya ji yarinyar daga nesa tana gaya wa uwarta wani abu cikin kuka. Auta ta karɓa.

"Baba, tambayarka take yaushe za ka zo, kai kuma kana ta madalla."

"Layin ne ba kyau, Auta."

Ya fara barin wayar a ɗaki ranar Lahadi, ya fita ya zauna a ƙofar gida. Daga baya ya tura saƙo cewa yana wanka lokacin da ta kira.

A shekara ta uku aka sayo sabuwar tiransimita, ƙarama kamar akwatin kaya, wadda ake kunnawa a kashe daga kwamfutar ofis. Manaja ya tara ma'aikata ya ce daga ƙarshen wata ba a bukatar kowa ya zauna a tudu, maigadi ya isa, injiniya kuma zai riƙa leƙawa duk mako. Na-Tudu dama shekarunsa na aiki sun kusa cika, sai aka ce ya huta.

Safiyar ƙarshe suka yi gwaji kamar kullum. Bayan dubu goma ya iso, ba wanda ya mayar da wayar. Kunne yana jin hucin iska a cikin layin.

"Tumatirin fa?" ya ce.

"Na bar wa ƙadangaru, sun ci nasara." Na-Tudu ya yi gyaran murya. "Kunne."

"Na'am."

"Ka riƙa... ka dai riƙa duba wayoyin nan da kyau kafin a fara."

"Kai za ka koya min aikina?"

"Wane ni."

Mai Labarai ta shigo, agogo ya nuna saura minti biyu. Kunne ya ce sai an jima, ya mayar da wayar. Bayan mako guda wani mai gyara ya zo ya kwance ta daga bango, ya bar ramukan ƙusa huɗu da wani wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na sauran bangon haske.

Kunne ya ci gaba da zuwa biyar da rabi. Yanzu kwamfuta ce ke amsa gwajin da koren rubutu, cikin daƙiƙa goma an gama. Sauran minti ashirin da wani abu sai ya zauna ya yi ta bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana matsa bakin kowace, har a buɗe tasha.

Wata biyu ya tsira. A na uku aka gayyato wani baƙo shirin safe don a tattauna da shi kan ruwan sha. Baƙon ya shigo wayarsa ba caji, ya ga soket a ƙarƙashin tebur, ya jona cajarsa daidai inda wayar makirfo na biyu ta bi. Ba wanda ya lura. Aka kunna jar fitila, Mai Labarai ta yi sallama ta gabatar da shi. Ba a yi minti ɗaya ba ta ɗago kai ta dubi Kunne ta cikin gilashin da ya raba su, ta nuna kunnenta da yatsa. Ya ɗauka ba ta jin kanta sosai, ya ƙara mata ƙarfi. Ta yamutsa fuska, ta zame hedfon daga kunne ɗaya, ta sake nunawa. Ya dubi allurai, duk lafiya. Ya ɗaga mata babban yatsa.

Minti ashirin da biyar fiton yana fita gari. Sai da Manaja ya turo ƙofa, rigarsa a karkace, waya a hannu.

"Baba Kunne! Mutane sai kira suke, wai rediyonsu ya lalace. Ba ka jin wannan abin?"

Ga lasifika a gabansu su biyu. Manaja ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Kunne yana jin baƙon na bayani a kan bututun ruwa, sumul, ba abin da ya dame shi. Ya rage na saman makirfo na ɗaya, ya dubi fuskar Manaja, ba ta canja ba. Ya rage na biyu, ya ga kafaɗun mutumin sun sauka. Da haka ya gane inda abin yake, kuma ya ga Manaja ya ga yadda ya gane.

Bayan shirin Mai Labarai ta shigo ɗakinsa ta rufe ƙofa. Kusan tare suka fara aiki a gidan, ba ta jin nauyinsa. Ta ja kujera ta zauna daidai gabansa, ta yi magana a hankali, tana buɗe baki sosai. Wannan ya fi tsawar Manaja yi masa ciwo.

"Tun yaushe?"

Ya so ya ce mura. Ya dubi ramukan ƙusa a bango.

"Shekara huɗu. Ko fiye."

"Haba Kunne. Shekara huɗu kana zaune da wannan kai kaɗai? Mu dodanni muka zame maka?"

"In na faɗa, me ya rage? Sunana ma fa Kunne."

Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta masa sunan wani asibiti a bayan takardar labarai, ta ce in bai je cikin makon ba ita za ta kai shi da kanta, kuma ya san tuƙinta.

A asibitin aka sa shi cikin wani ɗan ɗaki mai bango mai laushi, wanda bai bambanta da sutudiyo ba sai ƙanƙanta. Likitar, mace ce da ba ta wuce sa'ar Auta ba, ta sa masa hedfon ta ba shi maɓalli, ta ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna. Ya ji na farko ya gane shi, dubu ne. Ya danna. Ɗari biyar, ya danna. Dubu biyu, ya danna da ɗan jinkiri. Daga nan sai dogon shiru. Ta cikin gilashi yana ganin hannunta na murɗawa, tana ɗagowa tana dubansa, tana ƙara murɗawa. Ya san tana turo masa wani abu. Yatsansa ya so ya danna don kawai ta daina kallonsa haka, ya hana shi.

Da suka fito ta ɗora takarda a tebur ta juyo da ita wajensa.

"Baba, bari in yi maka bayani. Waɗannan lambobin na sama, su ne yawan..."

"Kaɗawa a daƙiƙa," ya ce. Ya ɗora yatsa a kan layin. "Nan lafiya, har dubu. Nan ya fara gangara. A dubu huɗu ya faɗa rami. Dubu takwas babu kowa a gida." Ya ɗago. "Da injin ne aka kawo min da wannan takarda, da na ce a cire shi daga layi."

Ta tambaye shi aikinsa, ya gaya mata. Ta ce shekaru ne da kuma hedfon na shekara ashirin da bakwai, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma akwai na'urar da za ta ɗaga masa na saman da ya rage, ta bar na ƙasa yadda yake.

"Rariya ce ke nan, a juye," ya ce.

"Kusan haka. Me ya hana ka zuwa tun da wuri, Baba? Kai da ka fi ni sanin abin."

Ya naɗe takardar gida huɗu ya sa a aljihu.

Washegari ya kai wa Manaja ita da kansa, tun kafin a kira shi. Manaja ya juya ta sama da ƙasa bai gane komai ba, sai da Kunne ya nuna masa ramin. Mutumin ya yi ta kame-kame, yana cewa ai Baba uba ne a gidan nan, ba wanda zai kore shi. A ƙarshe suka tsaya a kan zai koma kula da ɗakin ajiyar kayan aiki da ke ƙasa har shekarunsa su cika. Ɗaki ne marar taga, cike da tsofaffin makirfo da wayoyi a naɗe. Aiki na farawa ƙarfe takwas. A yini mutum biyu ko uku kan leƙo su karɓi batir su tafi.

Na'urar ta zo bayan mako uku, 'yar ƙarama da ake maƙalawa a bayan kunne. Ranar da aka sa masa ya ji takarda na ƙara kamar ana yaga kwano, ya ji takalminsa, ya ji muryarsa kamar daga cikin gwangwani. Ya ce wa likitar duk wanda ya haɗa wannan sauti, da a gidansu yake da bai kwana a kan tebur ba. Ta yi dariya ta ce ya ba ƙwaƙwalwarsa wata biyu ta saba.

Wata Asabar ya nemi kwatancen gidan Na-Tudu a wajen direban ofis, ya shiga bas biyu, ya ƙarasa da ƙafa. Gida ne cike da mutane, 'ya'ya da surukai da jikoki, talabijin na yi, ana wanke-wanke a tsakar gida. Na-Tudu ya fito da sabon gilashi a idonsa. Ya fi yadda Kunne ke tuna shi gajarta. Suka gaisa, suka sake gaisawa, suka rasa inda za su sa idanunsu. Aka shigar da baƙo falo, aka kawo shayi, matar gidan ta zo tana ta yi masa barka da zuwa, yara suka kewaye shi. Na'urar ta kwaso komai lokaci guda ta zuba masa a kai, cokali da talabijin da kukan jariri. Yana ganin bakin Na-Tudu na motsi, ba ya kama ko kalma ɗaya. Ya ji kansa yana cewa, "To, to, madalla."

Na-Tudu ya dube shi, ya miƙe ya ɗauki kofunan biyu, ya yi masa alama da kai. Suka zaga bayan gida, inda akwai wani benci a jikin katanga da tsohuwar tayar mota. Nan ba kowa. Suka zauna, Na-Tudu ya juyo da fuskarsa sosai.

"Na ji abin da ya faru. Ina sauraro ranar. Na yi ta neman waya a bango kamar mahaukaci, matata na tambayata me na ɓatar."

"Da ka kira wayar hannuna."

"Na kira, sau shida. Tana kashe."

"Haka ne. Dokar sutudiyo."

Suka kurɓi shayi. Na-Tudu ya cire gilashin ya goge da bakin riga.

"Akwai abin da ke damuna, Kunne. Ni a ganina rufa maka asiri nake. Da na buɗe baki tun ranar farko na ce mutumina, je ka a duba ka, da ka ji haushina mako guda, ka je. Sai na yi ta maka sauro, sauro, har shekara uku. Ni na ji daɗin ana bukatata, gaskiyar ke nan. A tudun nan ba mai bukatar mutum sai janareta."

Kunne ya daɗe yana kallon tayar.

"Da ka faɗa, da na daina ɗaukar wayar," ya ce. "Na san kaina."

"To, wataƙila."

"Ba wataƙila ba ne."

Suka ɗan taɓa hirar ofis, amma ba ta yi armashi ba. Kunne yanzu ba ya jin gulma a ɗakinsa na ƙasa, Na-Tudu kuma rabin sunayen bai san fuskokinsu ba. Na-Tudu ya ce har yanzu kafin biyar da rabi yake farkawa, ya zauna a bakin gado har gari ya waye. Kunne ya ce shi ma. Da rana ta yi sanyi Na-Tudu ya raka shi har bakin titi, ya ce ya riƙa zuwa, Kunne ya ce zai riƙa zuwa, dukansu sun san nisan bas biyu.

A cikin bas ya ciro waya ya fara rubuta wa Auta saƙo. Ya goge sau uku. A ƙarshe ya rubuta: "Auta, ba layi ba ne. Kunnena ne. Na je asibiti, an ba ni na'ura. Ki ba yarinyar haƙuri."

Kafin ya sauka amsa ta shigo. "Baba, ai na sani tun bara. Jira nake ka faɗa. Za mu zo in an yi hutun makaranta, ni da ita, mu yi mako biyu. Kada ka ce a'a."

Ya lissafa a yatsunsa, saura wata huɗu. Ya rubuta "To," ya tura.

Washegari Lahadi ce, ba aiki. Ya buɗe ɗakin da ya mayar na tarkace, ya fitar da kwalaye, ya share yanar gizo, ya jawo katifar da ke jingine a bango ya kai ta tsakar gida ya shanya. Maƙwabciyarsa da ke shanya kaya a kan katanga ta leƙo ta tambaye shi ko baƙi zai yi yau. Sai da ta maimaita sannan ya gane. Ya ce a'a, da saura, ya ci gaba da bugun katifar da sanda.